Jinjina ga Masu Renon Lalle

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa suka ɗauke hankalin manoma, haƙiƙa akwai waɗansu bayin Allah da suka cancanci yabo, watau masu renon lalle a gefen gona da bayan gida. Su ne ke dasa reshe da damina, su kewaye shi da ƙaya saboda awaki, su riƙa datse shi har ya yi tofo ya fid da farin fure mai ƙamshi, sa'an nan a tsinke ganye a shanya, mata su daka su tankaɗe domin ƙunshin amare da na Salla. Tun da malamai sun tabbatar rini da lalle sunna ne, Allah Ya saka wa masu renonsa da alheri, Ya albarkaci sana'arsu.