Kunkuru ba kayan adon falo ba ne

Jama'a, wannan yayi na ajiye ɗan kunkuru a akwatin gilashi ya fara isata. Ka buɗe TikTok sai ka gan shi kusa da talabijin, an zuba masa farar tsakuwa da furen roba, na'urar sanyaya ɗaki tana ta busa masa iska. Idan ka yi magana a ce maka, "Ai dabbar sahara ce, ba ta buƙatar ruwa." Wannan maganar ita ce ta fi ba ni haushi, kuma daga bakin masu sayarwa take fitowa.

Gaskiya ne babban kunkurun nan namu, wanda Turawa ke kira sulkata, ɗan Sahel ne, daga Senegal zuwa Nijar, Cadi da Sudan. Amma wa ya taɓa ganin sa kwance a fili da tsakar ranar bazara? Rami yake haƙawa mai zurfin mitoci, ya shige inda ƙasa ke da danshi. 'Ya'yansa kuwa galibi da damina suke fitowa, ciyawa ta yi kore, iska ta jiƙe. Wato wanda kuka shanya a kan tsakuwa, a dawa cikin laima yake fara rayuwa.

Shi ya sa nake dariya idan na ga ana yaba wanda ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, ana cewa ya yi zane mai kyau. Malam, nakasa ce! Wani bincike da aka yi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2003, a kan wannan jinsin, ya nuna waɗanda aka raina cikin busasshiyar iska su ne bayansu ya fi yin tudun. Kuma idan ya fito ba ya komawa. Rashin ruwa a jiki yana jawo masa dutse a mafitsara, shi kuwa ba ya kuka balle ka gane.

Ga kuma sanyi. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga rana da ƙasa yake aro. Da hunturu, dare a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, iska ta bushe ƙamas. Kai ka ja bargo, shi ka bar shi a kan tayil. Wasu da suka ji batun danshi sai su yi ta fesa ruwa a ɗaki mai sanyi, sai mura ta kama shi, hanci ya fara kumfa. Danshi da ɗumi tare suke tafiya, raba su ɓarna ce.

Abin ba wuya gare shi ba. A zuba ƙasa mai kauri wadda zai iya tonawa, a riƙa yayyafa mata ruwa ta yi laima ba caɓi ba. A yi masa maɓoya. Gefe guda ya kai digiri 35, ɗaya gefen ya fi sauƙi, da dare kuma kada ɗumin ya sauka ƙasa da 25. A riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi da bai wuce haɓarsa ba kamar minti 15. A fitar da shi hantsi, don gilashi yana tare hasken da ke gina ƙashi, amma da inuwa a kusa. Abincinsa ciyawa ce, ba kankana kullum ba.

To, na yarda, akwatin yana kare shi daga ɓera da ƙafar yara, kuma ya fi tsohuwar ɗabi'ar huda masa ƙoƙo a ɗaura igiya. Amma ko kakanninmu da suka saki nasu a tsakar gida sun bar shi ya tona gindin randa ya lafe, ba tare da sun san digiri ba.

Kuma ku tuna, wannan ɗan da bai cika tafin hannu ba zai iya haura kilo 40, ya yi shekara 70. Jinsin nasa ma raguwa yake yi a dawa. Wanda ba shi da filin da za a tona masa, don Allah ya haƙura ya sayi kifin ado.