RABA GANDU BA SHAWARA

Na san wata za ta ce, ina ruwan matar aure da maganar ECOWAS? To ni 'yar Bahindi ce ta ƙasar Bagudo. Mu iyakar Benin a bayan gidanmu take, kuma ƙanwata tana aure a Gaya ta Nijar, don haka da ruwana.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, Janar Tchiani ya hau. Sai ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen yankinmu da aka kafa a Legas a 1975, ta sa aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke musu wuta. Wa ya ji a jikinsa? Wallahi ba janar ba ne. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin ta zama ba shiga ba fita, mata da goyo suna tsallake Kwara a kwale-kwale, shinkafa da magani suka yi tsada. Ƙanwata ta haihu a lokacin, ban je suna ba. Wannan laifin ECOWAS ne, ba a horon talaka da yunwa.

Amma su ma sojojin ban kyale su ba. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwa a talabijin cewa sun fice, wai don 'yancin kai, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. 'Yancin wa? Birtaniya da za ta bar Tarayyar Turai a 2016 ƙuri'a aka kaɗa, kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita. Ko sun yi da-na-sani, su suka zaɓa. A Nijar fa? Ba wanda aka tambaya. A Maris 2025 ma aka rushe jam'iyyu, aka rantsar da Tchiani na shekara biyar ba zaɓe.

Ke da kike gidan gandu kin san zancen. Maigida na iya ɓatawa da 'yan uwansa, kuma ya zama shi ke da gaskiya. Amma in ya ware rumbu ya toshe ƙofar da ke tsakani bai shawarci kowa ba, ke ce za ki rasa inda za ki ari turmi ranar da naki ya tsage.

Ban ce a zauna ƙarƙashin Faransa ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi 'yancin ƙasa na mutanenta ne, a riƙa tambayarsu. Ke kuma ranar zaɓe kada ki sayar da ƙuri'arki a kan sabulu da taliya, ga maƙwabtanmu an hana su tasu.

Allah ya sa mu dace, amin.