Kuka Kafin Rawa: Nazari a Kan Waƙoƙin Zumuntar Mata a Mutum Biyu

Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol a jihar Taraba, gari ne na bakin hanya tsakanin Jalingo da Wukari, kuma matattarar ƙabilu: Fulani, Hausawa, Tibi, Jukunawa, Mumuye, Wurkum da sauransu. Kiristocin garin kowa da harshen gidansu, amma in an haɗu a majami'a, galibi Hausa ce ke haɗa su. Da ita ake wa'azi, da ita ake addu'a, da ita kuma Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a, ke rera waƙoƙinta. A ganina babu inda ake koyar da yadda mai bi ke samun farin ciki da alherin Allah a tsakiyar shan wuya kamar a bakin waɗannan iyayen namu, don haka waƙoƙinsu suka cancanci nazari.

Bishara ta shigo wannan yanki ne ta kogin Binuwai. Ƙungiyar mishan ta SUM da Karl Kumm ya jagoranto a 1904 ta yi mazauni a Ibi. Johanna Veenstra ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933, daga wannan aiki ikilisiyar CRCN ta tsiro, kamar yadda UMCN ta samo tushe daga Bambur. A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Waƙoƙin farko da aka koya wa masu bi fassara ce daga Turai, da karin Turai, ana bin su layi-layi a Littafin Waƙoƙi. Mata kuwa, waɗanda yawancinsu ba su yi karatu ba a lokacin, sai suka ɗauki saƙon suka zuba shi a karin da suka tashi da shi, na niƙa da daka da dandali. Daga nan aka sami waƙar da ba ta buƙatar takarda, wadda ake koya da kunne, a riƙe a ka.

Kayan kiɗan ba su da yawa: tulun ƙasa da ake bugun bakinsa da soso, kacau-kacau, kuge, wani lokaci da ganga. Mace ɗaya ke ba da waƙa, saura su amsa, duk cikin anko. Abin lura shi ne yadda waƙoƙin wahala suke tafiya hawa uku. Da farko mai ba da waƙa takan kira ciwon da sunansa: rashin haihuwa, mutuwar miji, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, gonar da ruwa ya ci, jinyar da ta cinye dukiyar gida. Sai ta waiwaya ga waɗanda suka riga mu shan irin wannan, Ayuba a kan toka, Hannatu tana kuka a ɗakin Ubangiji, Yusufu a kurkuku. Bayan nan ne bugun tulu ke ƙara sauri, ƙafa ta motsa, guɗa ta tashi. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan al'adar. Kukan ne ke share wa rawar fage, shi ya sa rawar ke da nauyi.

Ciwon da suke ambata ba na ƙage ba ne. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shafe gonaki a garuruwan bakin Binuwai. Rikicin Jukunawa da Tibi na 2019 ya raba dubban mutane da gidajensu a kudancin Taraba, kuma a watan Agusta na shekarar aka kashe Fada David Tanko a hanyarsa ta zuwa Takum taron sulhu. A 2024 ruwa ya karya gadar Namnai, aka koma tsallake kogi da jirgin ruwa da doya da marasa lafiya. Ga rikicin manoma da makiyaya, ga masu garkuwa da mutane. Cikin masu amshin akwai waɗanda suka taɓa gudu da dare da goyo a baya.

Inda za a fi gane aikin waɗannan waƙoƙi shi ne gidan rasuwa, daren kwanan zaune. Tun yamma mata ke shigowa, wannan da mudun masara, waccan da ƙullin itace, wata ta karɓi murhu, wata ta tafi ɗebo ruwa. Sai su shimfiɗa tabarmi su kewaye matar mamacin. Waƙar takan fara ƙasa-ƙasa, ba mai ce mata ta share hawaye, ba mai matsa mata ta buɗe baki. Su ne ke faɗa wa Allah abin da ita ta kasa faɗa. Can wajen asuba sai ka ga leɓenta ya fara bin amshi. Mijin bai dawo ba, bashin asibiti na nan, amma ta san ba ita kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ta hannun waɗannan mata alherin Allah ya iso gare ta a daren.

Wannan ya yi daidai da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Babu inda aka ce mai bi ya so wahala don kanta. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, kuma sai da ya bi ta gicciye kafin tashi daga matattu. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai iya ɗaukarta. Zabura da yawa kukan makoki ne kafin su koma yabo. Farin cikin da ake nufi shi ne tabbacin cewa Allah bai bar mutum ba ko a cikin ramin. Matan ikilisiyar EYN sun nuna wa duniya haka: bayan sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan ikilisiyar ne, ƙungiyar mawaƙan matansu ta zaga majami'un Amurka a 2015 tana waƙa da Hausa, raunin ko warkewa bai yi ba.

Sai dai al'adar na fuskantar barazana ta fuska biyu. Ta farko wa'azin wadata ne, wanda ke ɗaukar ciwo da talauci alamar ƙarancin bangaskiya. Tasirinsa ya shiga sababbin waƙoƙi, waɗanda ke tsallake hawa na farko da na biyu su dira kan nasara, da lasifika mai danne muryar amshi. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, idan ba ta ji komai ba sai shelar cewa kowa ya karɓi nasa, za ta koma gida da ciwo biyu, rashin da kuma zargin kanta. Tsohuwar waƙa ta fi wannan gaskiya da jinƙai, domin tana ba mai kuka wurin zama a cikin jama'a.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa, domin daga cikin gida take. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma sau da yawa ana amfani da shi a rufe bakin wanda aka zalunta. Matar da miji ke duka, ko wadda dangin miji suka ƙwace wa gona bayan rasuwarsa, ba waƙar jimiri kaɗai take bukata ba. Akwai wuyar da ake ɗauka, akwai wadda ake tsayawa a hana. Bulus da Sila sun rera waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, amma da gari ya waye Bulus ya ƙi fita a ɓoye, ya ce lalle mahukuntan da suka sa aka yi musu bulala ba shari'a su zo da kansu su fitar da su. Yabo da neman hakki sun fito daga baki ɗaya. Zumuntar da ta iya kwana da gwauruwa tana da ƙarfin da za ta raka ta gaban dattawan ikilisiya ko mai unguwa.

Akwai kuma asarar da ke tafe a hankali. Yawancin waɗannan waƙoƙi ba a rubuce suke ba, ba a ma riƙe sunayen waɗanda suka tsara su ba, kuma kowace tsohuwa da aka binne takan tafi da nata. Ina kira ga matasan majami'un Mutum Biyu, Tella da Ɗan Anacha su zauna da iyayensu mata, su naɗi waƙoƙin a waya, su rubuta kalmomin da sunan mai waƙa. Fastoci su ba Zumuntar Mata isasshen lokaci a sujada, kada a mai da su cikon shiri. Ku kuma iyayenmu masu ba da waƙa, kada ku ji kunyar kiran ciwo da sunansa, har da ciwon zalunci. Wanda kuka yi kuka tare da shi ne zai yarda da ku in kun ce masa Allah na nan.