Talaka Ba Murya, Ba Suna: Jigon Bambancin Matsayi a Wasan An Inspector Calls

1.0 Gabatarwa

An fara nuna wasan An Inspector Calls na J. B. Priestley a Tarayyar Sobiyet cikin 1945, sannan a Landan cikin 1946. Wasa ne mai kashi uku, wanda aka gina a kan dare guda na watan Afrilun 1912, a gidan Arthur Birling, wani mai masana'anta a ƙagaggen garin Brumley na Ingila. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa marubucin ya fito da bambancin masu hali da talakawa ta hanyoyi biyu da suka shafi harshe, wato wanda aka ba damar magana da kuma wanda sunansa ke da daraja.

2.0 Warwarar Jigo

Ana cikin walimar baikon Sheila, 'yar Birling, da Gerald Croft, sai Sufeto Goole ya shigo da labarin wata yarinya, Eva Smith, wadda ta kashe kanta. Bincikensa ya nuna kowa a ɗakin yana da hannu. Birling ya kore ta a 1910 don ta shiga gaba a yajin aikin neman a ɗaga ladan mako daga sule 22 da sisi zuwa sule 25. Sheila ta sa an sallame ta daga wani kanti saboda hassada. Gerald ya ajiye ta daduro, ya rabu da ita bayan 'yan watanni. Eric, ɗan Birling, ya yi mata ciki, ya kuma saci fam 50 a ofishin ubansa don ya ba ta. Daga ƙarshe uwargidan Birling ta hana ta tallafin ƙungiyar agajin mata da take da faɗa a ji a cikinta.

3.0 Murya da Suna

Abin lura na farko shi ne Eva ba ta taɓa fitowa dandamali ba. Duk abin da mai kallo ya sani game da ita daga bakin sufeto ya fito, ko daga bakin waɗanda suka cuce ta. Talaka guda da ake gani ita ce Edna, baranyar gidan, ita ma maganarta ba ta wuce ta amsa kira da sanar da zuwan baƙo ba. Su kuwa masu gida, kalma guda tasu kan raba mutum da abincinsa. Sau biyu Eva ta buɗe baki ta nemi wani abu, a masana'anta da gaban ƙungiyar agaji, kuma duka biyun an ɗauki maganarta a matsayin rashin kunya.

Abu na biyu shi ne suna. Smith yana cikin sunayen da suka fi yawa a Ingila, saboda haka yarinyar tana wakiltar dubban irinta. Da wahala ta yi tsanani, sai ta koma Daisy Renton. Da ta je neman agaji kuwa, sai ta kira kanta da sunan matar Birling, domin cikin na ɗan gidan ne. Wannan aron sunan shi ya fi ɓata wa uwargidan rai, fiye da halin da yarinyar ke ciki. Ashe ke nan a wurin mai hali suna dukiya ce da ake karewa, talaka kuwa sauya nasa yake yi ko ya sami mafaka.

4.0 Nauyin Jama'a

Bayan fitar sufeto, an gano babu mai wannan suna cikin 'yan sandan garin. Nan take iyayen da Gerald suka saki jiki, domin tonon silili suke tsoro. Sheila da Eric kaɗai suka tsaya a kan cewa abin da aka aikata an aikata shi. A nan marubucin ya bambanta jin kunyar idon mutane da jin nauyin haƙƙin wani. Ya kuwa yi haka ne a shekarar da jam'iyyar Leba ta ci zaɓe a Birtaniya, shekara uku kafin a kafa hukumar kiwon lafiya kyauta ta ƙasar a 1948.

5.0 Kammalawa

Saƙon wasan bai tsufa ba. A ranar 23 ga Afrilun 2013 an ga tsaga a bangon ginin Rana Plaza na Bangaladesh, amma washegari aka tilasta wa ma'aikatan ɗinki komawa ciki, ginin ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka mutu, akasarinsu mata. Su ma an ji kokensu, ba a ɗauke shi bakin komai ba. Saboda haka ya kamata mai nazarin wasan kwaikwayo, a kowane harshe aka rubuta shi, ya riƙa ƙirga waɗanda marubuci ya ba baki da waɗanda ya bari shiru, domin sau da yawa a nan ne ainihin jigon yake.