Jigon Yarda a Labaran Soyayya na Wasannin Kwamfuta

Abin da ya bambanta wasan kwamfuta da ƙagaggen labari shi ne, mai wasa ba ɗan kallo ba ne. Shi ne tauraron, shi ke neman soyayyar da hannunsa. Don haka tambayar da ta kamaci manazarci ita ce: shin wanda ake nema yana da ikon cewa a'a?

A wasan Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2009, ƙauna ma'auni gare ta. Mai wasa ya yi ta toshi da daɗin baki, lamba tana hawa, har a kai ga shimfiɗa. The Witcher na 2007 ya fi muni, domin in tauraronsa Geralt ya kwana da mace, kati ake ba mai wasa mai ɗauke da hotonta, ya riƙa tarawa. A nan yarda ta koma ladan ƙwazo.

Baldur's Gate 3 na 2023 ya saki wannan hanya ta wajen tauraro Astarion, wanda ubangidansa Cazador ya shafe kusan shekara 200 yana tilasta masa yaudarar mutane da jikinsa. Idan Astarion ya bayyana cewa ba ya son kusanta, mai wasa kuwa ya matsa masa lamba, zai miƙa wuya, amma daga bisani ya yanke hulɗar. Marubutan sun raba "to" ta fatar baki da amincewar zuci, kuma sun yi dacen hakan. Sai dai ko a nan, mai wasa yana iya komawa inda ya ajiye wasan ya sake zaɓi, ƙiyawar Astarion ta shafe kamar ba a yi ta ba.