Sarauniya Caroline da Taron Jama'a a Hotunan Ɗab'i na 1820

A shekarar 1820 babu hajar da ke tafiya a shagunan hotuna na Landan kamar duk abin da ya shafi Caroline, matar Sarki George na Huɗu. Ba a ƙirƙiro kyamara ba tukuna. Mai zane ne zai shafa wa farantin tagulla kaki, ya karce surar da yake so da tsinke, ya tsoma farantin a ruwan asid ya cinye layukan, sannan a shafa tawada a danna takarda, a bi ta da launi da hannu. Mai hali ya saya, talaka kuwa ya ja tunga bakin tagar shago ya ba idonsa abinci kyauta.

Rigimar ta samo asali ne daga auren da aka ɗaura musu a 1795, wanda tun daga farkonsa ango da amarya ba sa ga-maciji da juna. Bayan haihuwar 'yarsu Charlotte a 1796 kowa ya kama gabansa, a 1814 kuma Caroline ta bar Ingila. Da mijin ya gaji sarauta a Janairun 1820, sai ya sa aka cire sunanta daga addu'o'in coci, aka kuma yi mata tayin fam 50,000 duk shekara in ta yarda ta zauna a waje. Ta ƙi, ta dawo a watan Yuni. Gwamnati ta kai ƙudiri Majalisar Iyayen Ƙasa don a tuɓe mata muƙami a kashe auren, bisa zargin tana neman wani baranta ɗan Italiya, Bartolomeo Pergami.

Hotunan da suka mara mata baya iri-iri ne. Akwai na tsarkakewa, inda take fitowa cikin fararen kaya, fuska a natse, sarki kuwa a kumbure da teɓa da kwalba. Akwai na ba'a. Tun da a koriyar jaka gwamnati ta kai takardun zargin, George Cruikshank ya zana miji da mata kowanne tsugune cikin tasa jakar, ta sarki ta fi girma nesa ba kusa ba, wato laifi tudu ne. Akwai kuma ƙananan littattafan William Hone na sule guda, masu zanen da aka sassaƙa a katako, waɗanda araharsu ta kai su gidajen da hoton tagulla ba ya shiga.

Amma nau'in da ya fi cancantar nazari shi ne na taron jama'a. Caroline ta sauka a Brandenburgh House da ke Hammersmith, bakin kogin Thames, inda ƙungiyoyin masu sana'a da na mata suka riƙa tururuwa da takardun mubaya'a. A watan Oktoba 'yan fito da masu jiragen dakon kaya suka zo mata ta ruwa. A irin waɗannan hotuna sai mutum ya ƙura ido kafin ya gano sarauniyar, don ba ta wuce ɗan ɗigo daga nesa ba. Jirage da tutoci da hulunan da aka ɗaga sama su suka cinye takardar. Mai zanen yawan mutane yake nunawa, abin da mai saye ke biyan kuɗinsa ke nan.

Dalilin haka a fili yake. A Agustan 1819 mahaya dawakai sun afka wa masu neman gyaran zaɓe a Manchesta, suka kashe mutane, majalisa kuma ta biyo baya da dokoki shida da suka taƙaita taron siyasa da buga jaridu masu araha. Yawancin maza ba su da ƙuri'a, balle mata. Sai ga sarauniyar da aka zalunta: wa zai kama mutum don ya je gaishe da matar sarki? Biyayya gare ta ta zama halastacciyar hanyar nuna wa gwamnati ƙiyayya, hoton kuma ya kai labarin taron garuruwan da ba su gani ba. Ranar 10 ga Nuwamban 1820 ƙudirin tuɓe ta ya tsallake da ratar ƙuri'a 9 kacal, Firayim Minista Lord Liverpool ya janye shi.

Kada dai a ɗauki waɗannan takardu shaidar gani da ido. Haja ce ta kasuwa. Cruikshank da kansa ya karɓi fam 100 daga fada bisa alƙawarin ba zai zana sarki cikin halin alfasha ba. A 1821 shagon George Humphrey ya fitar da jerin zanen Theodore Lane masu tozarta Caroline da Pergami, su ma suka sami masu saye. Bayan ta karɓi alawus ɗin da majalisa ta yanka mata farin jininta ya ragu, aka hana ta shiga cocin Westminster ranar naɗin sarautar mijinta, 19 ga Yuli, ta rasu ranar 7 ga Agusta.

Saboda haka mai neman sanin ko Caroline ta aikata abin da aka zarge ta da shi ba zai sami amsa a hotunan nan ba. Abin da suke tabbatarwa shi ne buƙatar waɗanda suka cika kogin da titunan, buƙatar da ba ta mutu tare da ita ba, har majalisa ta fara faɗaɗa 'yancin zaɓe a 1832.