Mudun Awon 'Yar Wasa: Darasi Daga Anna Magnani

A majalisun Azare, idan an ambaci 'yar wasa, aurenta ake fara tambaya kafin gwanintarta. Haka jaridun Italiya suka yi wa Anna Magnani (1908-1973) sa'ad da Roberto Rossellini ya rabu da ita saboda Ingrid Bergman a 1949. Tsegumin ya shuɗe. Abin da ya wanzu shi ne Pina, matar da Magnani ta fito a matsayinta cikin Roma città aperta (1945), tana bin motar sojojin Jamus da gudu har suka harbe ta. A 1956 ta karɓi lambar Oscar. A ganinmu, da wannan mudu ya dace manazarta su auna Rahama Sadau, wadda MOPPAN ta kora a 2016: mudun aiki, ba na surutun gari ba.